Jera sunaye da cire maimaici a kwamfuta

Idan ƙungiyarku ta manoman albasa tana tattara sunaye daga Tabelot da Timia ana haɗa su a Agadez, suna ɗaya yakan shiga jeri sau biyu. Ranar rabon iri sai wani ya karɓi kashi biyu, wani ya koma gida hannu rabbana.

A kwamfuta mai Linux ko Mac akwai tagar da ake rubuta umarni kai tsaye. Ku zuba sunayen cikin fayil, kowane suna da layinsa, sannan ku rubuta:

sort sunaye.txt | uniq > sabo.txt

Umarnin sort, wanda yake cikin Unix tun 1971, yana jera layuka bisa haruffa. Shi kuwa uniq, maimaicin da yake bin juna kaɗai yake gani, shi ya sa ake fara jerawa. Kada ku sa sunan tsohon fayil bayan alamar >, domin za a share abin da ke ciki tun kafin a karanta shi.

Kwamfuta haruffa take kwatantawa, ba ta san mutane ba. Aboubacar da Abubakar mutum biyu ne a wurinta. Abin da ya fi haɗari, takwarori biyu za ta maida su ɗaya, ɗayan ya rasa rabonsa. Saboda haka ku haɗa da sunan uba da na gari a kowane layi. Kafin ku cire komai, ku rubuta:

sort sunaye.txt | uniq -d

Wannan zai nuna sunayen da aka maimaita kaɗai. Ku karanta su a gaban shugabannin ƙungiya, su tantance.