GYARA KO RABUWA? Abin da tarihin tsohuwar mota ya koya mana a Nijar



Duk wanda ya saba bi ta bakin garaji ya san wannan: mota a gindin bedi, an ɗora ta bisa duwatsu, tayoyi sun tafi, ƙura ta rufe gilashi, awaki na hutawa a inuwarta. Ka tambayi mai ita, sai ya ce maka: "Ai ƙarfe guda take jira." Shekara uku ke nan tana jiran ƙarfen nan.

Kwanan baya gardama ta kaure a fadarmu kan motar wani ɗan uwanmu. Starlet ce, da ita yake taksi, da ita yake ci da gidansa. Inji ya buga, makaniki ya ce sai an sauke shi. Rabin fada suka ce a gyara, da tsohuwar zuma ake magani. Rabi suka ce a sayar tun tana da sauran daraja. Shi kuwa mai motar shiru ya yi, don shi ya san cefanen gida da kuɗin makarantar yara duka a wuyan motar nan suke. Wannan ne ya sa muka ce bari mu waiwayi baya, don tambayar ba yau ta fara ba, kuma amsarta ta sha canzawa a ƙasar nan.

ZUWAN MOTA DA MAI GYARANTA

A ƙarshen 1924 wani ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën ya taso daga kudancin Aljeriya, ya ƙetare hamada, ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, ya nufi tafkin Cadi. Lokacin Damagaram ce babban birni, sai a 1926 aka mai da shi Yamai. Abin lura a wannan ayari shi ne bai zo da direbobi kaɗai ba. Da makanikansa ya zo, da kayan gyaransa. Ke nan tun farko mota ba ta taɓa rayuwa ita kaɗai a ƙasar nan ba. Sai da wanda ya san cikinta, sai da hanyar samun ƙarfenta.

Zamanin gyaɗa ne ya sa mota ta zama dukiya a hannun ƴan ƙasa. Manyan motoci na kwasar buhuna daga kasuwannin Maraɗi da Damagaram, aka kafa SONARA a 1962, alhazai suka fara sayen motocin kansu. A wancan lokaci ba a tambayar "a gyara ko a rabu". Wa zai rabu da mota? Guda nawa ne a garin? Mai mota sananne ne, direba abin kallo ne, karen mota ma yana da kwarjini a ƙauye.

ZAMANIN FIJO

A 1960, shekarar da muka samu ƴancin kai, kamfanin Peugeot ya fito da 404, wadda manyanmu ke kira kat-san-kat. A 1968 ƙanwarta 504 ta biyo baya. Waɗannan biyu su suka raini ƙasar nan. Bashe, wato a-kori-kura, ita ke kai mutane da awaki da buhunan hatsi kasuwannin ƙauye. Doguwar 504 kuma ita ke jigila tsakanin birane, da Maraɗi zuwa Katsina, da Damagaram zuwa Kano.

Dattawa kan ce Fijo ba ta mutuwa. Gaskiya ne tana da ƙwari, ƙafarta na jure gargada, cikinta kuma a fili yake: kafireta, filogi, lagireto, duk abin da ya lalace ido na ganinsa, kunne na jinsa. Amma ba ƙwarinta kaɗai ya raya ta ba. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan haka. Ma'ana, ƙarfenta na nan kusa da mu. Abin da aka rasa a Maraɗi da safe, a aika Kano, gobe ya iso. Ga kuma makanikai a kowane gari da suka girma a kanta, yaro ɗan shekara 15 ma ya san kukanta.

Akwai wata hanyar kuma. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa kan sayi tsoffin Fijo a ƙasarsu, su tuƙo su ta Aljeriya, ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su koma gida da kuɗin jirgi. Motar da aka yanke wa ƙauna a Faransa, nan take fara sabuwar rayuwa. Lokacin kuma kuɗin uraniyom na shigowa, har aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Wannan fatauci ya mutu a farkon shekarun 1990, da rikicin Aljeriya da tawayen arewacin ƙasarmu suka toshe hanya.

Wanda ke son ganin halinmu da tsohuwar mota a wancan zamani, ya nemi fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch suka yi. Labarin mai fataucin kaji ne da akwalar motarsa ƙirar 2CV, wadda aka laƙaba wa suna Patience, wato Haƙuri. Tana mutuwa ana tada ta, har kwance ta aka yi aka ƙetare kogin Isa da ita. Dariya ce, amma duk mai tsohuwar mota in ya kalla zai ga kansa a ciki.

1994: RANAR DA ƘARFE YA NINKA

A ranar 12 ga Janairun 1994, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20. Mutane suka kwana suka tashi, duk abin da ke zuwa daga Turai kuɗinsa ya kusa ninkawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon ƙarfe a kwali ya fi ƙarfin mai taksi.

Nan ne sana'ar dabara ta bunƙasa. A yanka mota biyu a tada guda. A naɗa waya, a ɗaura roba, a yi walda inda ya kamata a sauya. Kasuwar tsoffin kayan gyara ta cika ta batse. Mu faɗi gaskiya, wannan dabara ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ita ce kuma ta koya mana wani mugun hali: in dai mota ta tashi, to lafiya lau take. Tashi daban, tsayawa daban. Motoci nawa ne ke tashi da bugu ɗaya amma birki sai an taka sau uku?

ZAMANIN KWATANO

Daga shekarun 1990 tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama babbar ƙofar tsoffin motocin Turai. Su hau ta Paraku, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, su bi Doso, wasu su nufi Yamai, wasu Ƙonni da Maraɗi, da yawa daga nan su gangara Najeriya. Dubban matasa suka samu abin yi: masu tuƙo su, masu takardun duwan, dillalai, masu wanki, masu fenti. Toyota ta ture Fijo. Starlet ta cika titunan Yamai, Hiace ta karɓe tashoshi, Corolla da Carina suka shiga gidajen ma'aikata.

A nan ne karo na farko amsar tambayarmu ta juya. In gyara ya yi nauyi, sai ka sayar wa na ƙauye, ka cika kuɗi ka ɗauko wata ƴar Kwatano. Mota ta zama kamar riga: babban birni ya sa, ya miƙa wa ƙaramin gari, ƙaramin gari ya miƙa wa ƙauye. Har ta kai wasu na ganin mai yawan gyara a matsayin wanda bai iya lissafi ba.

Sai ƙofar ta fara tsukewa. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya har zuwa Disamban 2020. A ƙarshen Mayun 2023 ta cire tallafin mai, ƴan ruwa-ruwa suka ji a jikinsu, duk da muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011. Bayan 26 ga Yulin 2023 kuma hanyar Benin ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa, mai tsada, mai haɗari. Yau ga mu mun dawo inda iyayenmu suke a 1994: canji ya yi wuya, kowa ya koma ga makaniki.

Sai dai in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Motocin da ke shigowa yanzu ba irin 504 ba ne. Kwamfuta ke sarrafa mai da wuta, fitila guda ta kunnu a gaban direba sai an jona na'ura kafin a san ciwon. Makanikin da ya ƙware da kunne, in bai koyi na'ura ba, sai ya yi ta canza ƙarfe bisa zato, aljihun mai mota na zuba.

TO ME TARIHI YA CE?

In muka haɗa wannan duka, shekarun mota ba su ne ke kashe ta ba. Fijo ta yi shekara 30 a kan hanya don ƙarfenta na Kaduna da Kano, masaninta na kowace tasha. Ranar da waɗannan suka ja baya, ita ma ta kwanta. Don haka kafin ka yanke shawara, tambayoyi huɗu ne.

Na farko, ƙarfenta na kusa? In duk abin da ya lalace sai an yi wata ana jira, ba mota gare ka ba, jira gare ka.

Na biyu, akwai wanda ya san ta a garinku? Ba mai cewa "bari mu gwada" ba.

Na uku, ƙashin bayanta lafiya? Inji ana sauyawa, giya ana sauyawa. Amma shasin da ya tsage ko ya ruɓe ko ya karkace bayan hatsari, walda ba ta mai da shi yadda yake. A shiga ƙarƙashinta a duba, kada fenti ya ruɗe mu.

Na huɗu, lissafi. Ba kuɗin makaniki kaɗai ba, har da kwanakin da take kwance. A ce taksi na shigo da jika 10 a rana, ta yi kwana 6 a garaji cikin wata, jika 60 sun tafi tun ba a sayi ko ƙusa ba. A samu littafi a riƙa rubutawa. Yawancinmu ba mu san nawa motarmu ta ci a shekara ba, don kaɗan-kaɗan take ci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga ciniki: birki, taya, sitiyari da fitila. Ƙofa na iya ɗaure da igiya, kujera na iya yagewa, wannan talauci ne, ba laifi ba. Amma wanda ya loda mutane a Hiace da sudaddiyar taya ya hau hanyar Doso zuwa Ƙonni cikin zafin watan Afrilu, ba da kuɗinsa yake caca ba, da rayukan ƴaƴan mutane yake yi. Kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda tayar da aka ce "za ta kai mu". In kuɗin waɗannan huɗun ya gagara, to amsa ta fito: a ajiye ta.

Rabuwa kuma ba asara ba ce gaba ɗaya, don a ƙasar nan mota ba ta mutuwa a banza. Ƙafarta ta baya ta koma amalanken jaki ko na shanu. Maƙera su mai da ƙarfenta hauya da wuƙa da gatari. A kasuwar Katako ta Yamai ana narka sanholon inji a zuba tukwane. Sauran kayanta su tada wata ƴar uwarta. Asarar gaske ita ce wadda ke gindin bedi, rana da ruwa na cinta, kullum darajarta na raguwa, mai ita na cewa ƙarfe guda take jira.

Ɗan uwanmu mai Starlet fa? An shiga ƙarƙashinta, shasi garau. Kayanta kuma ba su yanke a kasuwa ba tukuna. Aka yanke a sa mata inji na hannu. Amma wani dattijo a fada, tsohon direban bashe, ya kafa masa sharaɗi biyu: a fara da birki da taya kafin inji, sannan ya shiga adashi tun yanzu don wadda za ta gaje ta. Ya ce: "Yaro, mu da munka yi zamani da kat-san-kat mun sani, ba a fafe gora ranar tahiya."

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a abin hawanmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.