Tarihin Jiran Sunan Ciwo: Daga Faris zuwa Zangunan Ankara

A harshen Hausa akwai kalmomin alamomin ciwon jijiya da dama: jiri, kasala, mutuwar ƙafa, dishi-dishin ido, shanyewar ɓarin jiki. Amma babu suna na gado ga cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MS, wadda za a iya fassarawa da ciwon tabon jijiyoyi. A cikinta garkuwar jiki ce ke far wa rufin da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta bar tabo nan da can, saƙo ya riƙa makara a hanya. Alamominta sukan zo su tafi, shi ya sa tarihinta ya cika da mutanen da suka daɗe suna jiran a faɗa musu abin da ke damunsu.

Mafi shahara cikinsu shi ne Augustus d'Esté, jikan Sarki George na Uku na Ingila. A 1822, yana ɗan shekara 28, ganinsa ya dushe har ya kasa karatu, daga baya ya dawo. Shekaru suka shuɗe, ƙafafu suka fara yi masa nauyi. An sa masa matsattsaku, an tura shi wankan maɓuɓɓugai, duk a banza. Ya rasu a 1848 bai ji sunan ciwonsa ba. Abin da ya bari shi ne littafin da yake rubuta alamomin da kwanakinsu, kuma da shi likitocin ƙarni na ashirin suka gane cutar.

Sai a 1868 Jean-Martin Charcot, a asibitin Salpêtrière na Faris, ya haɗa alamomin da tabon da ake gani a gawa, ya ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta. Duk da haka, tabbatar da ita a jikin mai rai ya ci gaba da wuya. A 1890 Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin wasu majinyata na ƙara dushewa in sun motsa jiki, kuma daga baya aka samo gwajin sa mutum cikin ruwan zafi a ga ko alamomin za su tashi. A 1965 kwamitin Schumacher ya kafa ƙa'idar da ta zama tushe: dole a nuna cewa cutar ta taɓa wurare fiye da ɗaya, a lokuta fiye da ɗaya. Ma'ana, jira ya shiga cikin sharuɗɗan ganewar kanta, domin likita ba zai yanke hukunci ba sai ciwon ya sake dawowa.

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoto da ƙarfin maganaɗisu, ita ta rage wannan jiran. A 1981 aka fara ganin tabon da ita a Landan. Ƙa'idojin McDonald na 2001, da gyare-gyarensu na 2010 da 2017, sun ba da damar tabbatar da cutar tun a karon farko idan hoto da ruwan laka sun nuna shaida. Gaggawar ta samu dalili tun 1993, lokacin da Amurka ta amince da maganin farko mai rage dawowarta.

A Afirka labarin ya bi wata hanya. An daɗe ana koyar da cewa cutar ta ƙasashen sanyi ce, da wuya ta kama baƙar fata. Lalle ta fi yawa a Turai, to amma inda babu na'ura kuma likitocin jijiya ba su da yawa, ƙarancin rahoto ba ya nufin babu cuta. Ga kuma cututtukan da ke kama da ita: tarin fuka na ƙashin baya, ƙarancin bitamin B12, cutar ƙanjamau, da ciwon jijiya mai nasaba da rogon da ba a jiƙa sosai ba, wanda Farfesa Osuntokun ya bincika a Badun. Akwai kuma cutar Devic, mai kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa a jinsin Afirka fiye da Turawa. Sai a 2004 aka samu gwajin jinin da ke bambanta ta da MS, alhali wasu magungunan MS na iya tsananta ta.

Wannan ne gadon da mazaunin Zango ke tararwa a Akra, wadda Hausawan can ke kira Ankara. Daga Abossey Okai, unguwar kasuwar kayan gyaran mota, ko Sabon Zango, tafiya kaɗan ce zuwa asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg. Mutanen Nima da Maamobi ma can akan tura su in al'amari ya gagari ƙaramin asibiti. Kusanci bai kawar da kuɗin hoto da tazarar ranar ganin likita ba. A cikin wannan tazara ne dangi kan ba ciwon sunan da suka sani, wato iska ko sammu, musamman da yake yakan lafa da kansa bayan makonni. Idan lafawar ta zo daidai da shan rubutu, sai a ce an warke, a daina komawa asibiti, har ciwon ya dawo da ƙarfi.

Tarihin nan ya nuna cewa likitan da ya ce a jira a sake gwaji ba lalle sakaci yake yi ba, yana kauce wa ba da maganin wata cuta ne. Addu'a da tofi ba su hana kiyaye ranar komawa. Mai jira yana da aikin da zai yi, irin wanda d'Esté ya yi: ya rubuta ranar da alama ta fara, gaɓar da ta kama, tsawon kwanakinta, da ko zafin rana ya tsananta ta, ya kuma adana kowane hoto da takardar gwaji. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙafafu suka shanye, ko fitsari ya tsaya, ba a jiran ranar alkawari, asibiti ake nufa a ranar.