Kakarmu da Ikkilisiyar da Ta Riga Abuja

Idan mutum ya ga manyan majami'u na Abuja a yau, sai ya zaci bishara ta zo nan ne tare da ma'aikatan gwamnati. Ba haka ba ne. A 1910 'yan mishan na SIM suka buɗe tasha a Karu, a tsakiyar ƙasar Gbagyi. Sai a 1976 Janar Murtala Muhammed ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni, gwamnati kuma ba ta ƙaura daga Legas ba sai 12 ga Disamba, 1991. Tsakanin Karu da dokar nan akwai shekara 66, a cikinsu ne kakata ta wajen uwa ta yi imani.

Bagwariya ce, kamar yadda Hausawa ke cewa, manomiyar doya, mai ɗaukar kaya a kafaɗa irin ta matan Gbagyi. Ba ta shiga makaranta ba. Da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, shi ya zama littafin majami'un ƙasarmu, alhali Hausa ba harshenta ba ne. Ta koyi karatu tana matar aure, a ajin yamma na mai bishara, tana bin baƙaƙe da yatsa. Da safe ta karanta da Hausa, da dare ta juya wa 'ya'yanta da Gbagyi a bakin murhu. Wannan aikin fassara ne, ko da yake ba wanda ya taɓa kiranta mai fassara.

Tuba ta jawo mata wahala. Ta daina dafa giyar tsafi, dangin mijinta suka daina cin abincinta har tsawon lokaci. Ba ta yi gardama da su ba. Duk wadda za ta haihu a cikinsu, ita ce ta farko a ƙofar ɗaki. Haka 'yan Zumuntar Mata suka yi a ko'ina: gaisuwar majinyata, noman gonar gwauruwa, waƙa da kiɗan tulu. Lokacin da aka kafa ECWA a 1954, maza ne suka zauna a taro, amma baikon hatsin da ya ciyar da masu bishara a ƙauyuka daga rumbun irin su kakata ya fito. A ganina ba mu faɗi wannan yadda ya kamata ba.

Bulus ya tuna wa Timoti da kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Mun cika gidajenmu da masu suna Afiniki, amma Loyis ba ta da takwarori da yawa.

Sai birni ya zo. An tashi ƙauyuka, mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, waɗansu Kubwa. Gonar kakata ta shiga cikin taswira. Ta yi kuka saboda kaburburan iyayenta, ba ta ɓoye ba. A sabon wuri, kafin a kafa ko ginshiƙi ɗaya na majami'a, a tsakar gidanta aka yi ta sujadar Lahadi a kan tabarmi.

Abin da ya fi damunta a tsufanta shi ne jikokin da aka haifa a Nyanya da Mararaba, masu Turanci da Hausa kaɗai. Takan sa su durƙusa, ta yi musu addu'a da Gbagyi, su ce amin ba su ji ko rabi ba. Littafinta na Hausa yana hannun ƙanwar uwata, bangonsa ɗaure da zare.