Jakin Fatake a Dandalin Tatsuniya

Kafin mota ta shigo fadamun Rima, jaki ne ke kwashe albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo zuwa kasuwa. Shi ke kai taki gona a mangala daga Gandi har Raba, shi ke bin fatake Gwanja ɗauko goro. Manoma sun san shi har ta launi: auraki, duni, idabari, fari.

Dabbar da ta saba da mutane haka ba ta rasa gurbi idan dare ya yi, kaka ta ce ga ta nan, ga ta nanku. Gizo na da wayo, kura na da kwaɗayi da tsoro, shi kuwa jaki an ba shi haƙuri da wauta. A wata tatsuniya, kura ta daɗe tana shakkarsa don ta ɗauka dogayen kunnuwansa ƙahoni ne. Ranar da ya saki baki ya bari ta taɓa, ta ji laushi, ranar ya zama kalaci. Birgimarsa ma ta shiga karin magana, inda ake cewa jaki ba ya wuce toka.

Irin waɗannan labarai sun hau takarda tun farkon zuwan Turawa. Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai sun rubuta su da ajami, Frank Edgar kuma ya buga su tsakanin 1911 da 1913.

Yanzu babur ya karɓe wa jaki ɗaukar kaya, masu sayen fata zuwa Sin sun rage garke, har Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakai don fatarsu a 2024.