Kakakin Kano da Tubar Turawa: Yaya Ake Tafiya da Dogon Ƙarfe?

A yau idan aka ce "kakaki", yawancinmu kakakin majalisa ne ke faɗo mana a rai. To amma asalin mai sunan shi ne dogon ƙarfen nan da ake busa wa sarki. Tambayarmu ta yau ita ce: abin da tsawonsa ya haura mita 2, yaya ake yawo da shi gari-gari?

Bari mu fara daga gida. Tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a Dutsen Dala, ka ga ke nan Kano da ƙarfe ba yau aka saba ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Kakaki kuwa alamar mulki ne, duk kuɗinka ba ka isa a busa maka ba in ba ka da sarautar da ta kai. Yana da ɗan'uwa a Maroko mai suna nafir, wanda ake tashin mutane sahur da shi.

Me ya sa sai ya yi tsawo? Ba ado ba ne. A kayan busa, iskar da ke cikin bututu ita ke rawa ta ba da sauti. Gajeren bututu muryarsa siririya, dogo kuwa kakkaura. In ka gutsure tsawon, ka gutsure kwarjinin. Kakaki ba shi da hudoji irin na algaita, da leɓe kawai mai busa yake fitar da murya biyu, ta sama da ta ƙasa. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, da waɗannan biyun yake kwaikwayon kirarin sarki, wanda ya saba ji kuma ya gane me ake faɗa.

To ga matsalar: sarki ba ya zama wuri ɗaya. Akwai rangadi, akwai yaƙi a da, akwai Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Sai maƙera suka yi dabara, suka ƙera shi gida biyu, ɓangaren baki da ɓangaren da ya buɗe, ana zura ɗaya cikin ɗaya. In an gama busa a zare, a ɗauka cikin sauƙi. Murya tana nan, kaya ya ragu. Da tagulla ake yin sa, daga baya har garwar kananzir ta shigo sana'ar.

Yanzu mu leƙa Turai, don su ma sun ci karo da wannan matsala. A 1835, a birnin Balin na Jamus, Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar wani abin busa mai suna tuba. Shi ne ƙaton nan mai ruri da kuke gani wurin 'yan badujalar soja da 'yan sanda. Da za a miƙe bututun babbar tuba, zai kai mita 5 da rabi, ya fi kakaki nesa ba kusa ba. Su ba su raba ba, nannaɗe shi suka yi kamar gammo, suka sa masa maɓallai masu ƙara wa iska hanya don a samu muryoyi da yawa. A Amurka kuma, aka ƙera wata bisa buƙatar John Philip Sousa, wadda mai busa ke shiga cikinta ya rataya a kafaɗa. Ita ce daga baya ta zama ta fareti.

Har yanzu ba a gama ba. Babbar tuba takan haura kilo 10, shi ya sa ake ƙera ƙanana na tafiye-tafiye da atisaye. Ga mai son koyo, ga abin lura: ƙaramar tuba an matse naɗinta ne, an rage faɗin bututu da na baki, don haka muryarta ba ta cika fili kamar babba. Ka duba maɓallanta su yi daidai da irin wadda za ka busa a fareti, don kada yatsu su saba da wani abu daban. Ka ɗaga ta cikin akwatinta ka ji nauyin. In gidan haya kake, nemi abin toshe bakinta mai rage ƙara, a zauna lafiya da maƙwabta.

Kun ga ke nan, maƙerin Kano da na Jamus abu ɗaya suka gane: a rage wahalar ɗauka, kada a taɓa muryar. Bambancin shi ne, tuba tana da masana'antu da makarantu da littattafai, kakaki kuwa a hannun gidajen gado yake, uba ya koya wa ɗa. Ranar da 'ya'yan suka bar sana'ar, babu kantin da za a je a sayo wannan ilimin.

Saboda haka in Allah ya kai mu hawa mai zuwa, kada kyamararka ta tsaya kan dawaki kaɗai. Matsa kusa da mai kakaki, ka duba mahaɗar ƙarfen, ka gaishe shi, ka tambaye shi wa ya ƙera masa. Abin da ka samo ka rubuto mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.