Matar Macbeth: Ta Tarihi da Ta Shakespeare

Wannan makon Sikotilan muka nufa.

Duk wanda ya karanta Macbeth a cikinmu ya san matar nan. Ita ta zuga mijinta ya kashe Sarki Duncan a daren da ya sauka gidansu, ta bugar da masu gadi da giya, da mijin ya so ja da baya ta goranta masa cewa bai cika namiji ba. Amma ko sunanta Shakespeare bai faɗa mana ba.

A tarihi sunanta Gruoch, kuma jikar sarki ce. An ƙone mijinta na fari, mai sarautar Moray, a 1032 tare da mutanensa kusan 50, ya bar ta da ɗa, Lulach. Daga baya ta auri Macbeth. Shi kuwa Duncan matashi ne, a fagen yaƙi aka kashe shi a 1040. Macbeth ya yi shekara 17 yana mulki, har ziyara ya kai Roma a 1050. Abin da tsofaffin takardu suka adana game da Gruoch shi ne ita da mijinta sun ba wasu masu ibada a Loch Leven kyautar fili.

To ina muguwar ta fito? Wajen 1606 Shakespeare ya rubuta wasan, ya dogara da littafin tarihi na Holinshed, bugun 1587. A can, jimla guda aka ware wa matar Macbeth, cewa tana ƙishirwar zama sarauniya. Kisan dare da bugar da masu gadi daga labarin wata ya ɗebo su, matar Donwald, wadda ta ingiza mijinta ya kashe Sarki Duff. Mata biyu ya ɗinke wuri guda. Banquo kuwa, wanda Holinshed ya ce da shi aka ƙulla kisan, an wanke shi tas, domin Sarki James da ke kan gadon Ingila tun 1603 yana ɗaukarsa kakansa. Namiji ya sami mai kare shi, macen ta sha kaya.

A ganinmu an zalunci Gruoch. Duk da haka mu dubi yadda ya gina ta, mu da muka saba rubuta matar da aka haifa da mugunta, daga gidan boka sai makirci. Wannan sai da ta roƙi aljanu su cire mata tausayi, ke nan tana da shi. Ta shiga ɗakin Duncan ta kasa soka masa wuƙa don ya yi mata kama da mahaifinta. Bayan sun sami sarautar, mijin ya daina shawara da ita, ya kashe Banquo bai gaya mata ba.

Ganinmu na ƙarshe da ita, tana yawo cikin barci tana goge jinin da babu shi a hannunta. A 1785 Sarah Siddons ta ajiye kyandir ɗin da aka saba riƙewa a wannan fitowa, don ta murza hannayen biyu a gaban 'yan kallon Landan. Mutuwarta ma ba a nuna ta a dandamali ba, kukan mata kawai aka jiyo daga ciki.