Kamfanonin Faransa da Cinikin Yuraniyom a Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

Wannan muƙala za ta duba yadda kamfanonin ƙetare suka riƙe ragamar abin da Nijar ke sayarwa a waje, ta hanyar bin tarihin ma'adinin yuraniyom.

Asalin Harkar

Faransawa ne suka gano yuraniyom a Azelik, cikin yankin Agadez, a 1957, wato shekara uku kafin samun mulkin kai. A wancan lokaci gyaɗa ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971. Na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978. A dukansu Faransa ce ke da kaso mafi tsoka, ta hannun kamfanin da aka sani da Cogema, daga baya Areva, sannan Orano.

Riba da Asara

Kamfanonin sun zo da jari da injuna da ƙwararru, abubuwan da Nijar ba ta da su. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 yuraniyom ya fi rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga waje, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Sai dai mai haƙa shi ne babban mai saye, don haka bakinsa ya fi ƙarfi wajen yanke farashi. Shugaba Diori Hamani ya nemi ƙari a 1974, amma sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu kafin a kammala magana. Da farashi ya faɗi a shekarun 1980, sai bashi ya danne gwamnati.

Bayan juyin mulkin 2023, hukumomi sun ƙwace lasisin Imouraren daga Orano a 2024, suka mai da SOMAIR mallakar ƙasa a 2025.

Kammalawa

Hausawa kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan rashin zaɓi ne ya buɗe ta. Ƙasar da ta dogara ga haja ɗaya da mai saye ɗaya ba ta da ƙarfin ciniki. Mallakar mahaƙa mataki ne na farko. Saura jari da ƙwararru na gida, da kasuwar da ta wuce ta mutum ɗaya.